Ba a Sulalewa a Gidan Delu

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Marke a shekarun da suka gabaci samun 'yancin kai ya san gidan Delu mai yaye, ko da bai taɓa shiga ba, domin kuka ne yake yi wa gidan talla. In ka biyo lungun dukawa ka ji yaro yana tsala ihu har muryarsa na dushewa, ba sai ka tambaya ba, wani ne aka raba da nono. Ita kuwa Delu tana nan zaune a bakin ƙofar zaure ta ciki, inda take hango lungu, da mazarinta da audugarta, tana kaɗi ko a jikinta. Gajeruwa ce, baƙa, mai ɗan karen faɗa. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma rabin samarin unguwar a bayanta suka manta da nono.

A wancan zamani in yaro ya kusa shekara biyu, sai a ɗauke shi daga gaban uwarsa a kai shi gidan kaka ya yi kamar mako, har ya haƙura. To ba kowace mace ce take da uwa a gari ba. Wata tata tana can ƙauye wajen gero da dawa, wata tata ta riga mu gidan gaskiya. Irin waɗannan su ne suke sallama a gidan Delu. Yadda aka saba kuwa shi ne a shafa wa nono maɗaci, a ce wa yaro Dodo ya lasa, a kai shi inda za a kai shi, a ɗauke masa hankali da wani abin wasa, uwa ta sulale. Kafin ya waiga ta sha kwana.

Delu ba ta yarda da wannan ba, kuma a kansa ta yi faɗa da mata ba adadi. A gidanta ba a sulalewa. Uwa za ta durƙusa ta dubi ɗanta ido cikin ido, ta kira sunansa, ta gaya masa ta tafi, ta faɗi ranar da za ta dawo. Za ta kwance zanen goyonta, wanda ba a wanke ba, ta bar masa. In ranar ta zo kuma, ko ruwa ake da ƙanƙara, sai ta zo. Mata suna yi mata dariya, suna cewa wa ya ga ana sallama da ɗan da bai san hagu da dama ba, sai ka ce fatake. Sai Delu ta harare su ta ce, "Ku ab ba ku sani ba. Shi ya sani."

Abin da ba ta gaya musu shi ne inda ta koyi wannan. Tana 'yar shekara huɗu ko biyar iyayenta suka yi niyyar gabas, aikin hajji a ƙasa, tafiyar da ake shekaru ana yi. Suka ga ba za ta iya hanya ba, suka kawo ta wannan gida na gwaggonta. Uwarta ta zaunar da ita a bakin ƙofar zauren nan ta ce mata ta zauna, bari ta sayo mata ƙosai. Delu ta zauna. Aka yi azahar, aka yi la'asar, aka yi magariba, aka ɗauke ta da ƙarfi aka kai ta ɗaki, da safe ta koma. Ba su dawo ba, ba a kuma taɓa jin inda hanya ta tsaya da su ba. Ta girma a gidan, ta auri ɗan gwaggon nata, Malami baduku, ta tsufa a gidan, kuma har ta yi furfura ba ta sa ƙosai a baki. In an tambaye ta sai ta ce wake ne ba ya shiri da cikinta.

Ta daɗe tana wannan aiki ba yaron da ya taɓa mutuwa a hannunta, a zamanin da yaye yake kwashe yara ba kaɗan ba. Ba ta yin alfahari da haka, tsoro ma yake ba ta. Kullum aka kawo sabon yaro sai gabanta ya faɗi, ta ce a ranta ko wannan ne na farko.

A makon da za a karɓi mulki daga hannun Turawa, gari ya cika da baƙi da kiɗa, ranar Alhamis da la'asar aka yi sallama. Uwani ce, uwar Ɗahiru mai sayar da yadi a kasuwa, tsohuwa mai ji da kanta wadda ba a ja da maganarta a gidanta da ke bayan Hubbare. A bayanta surukarta ce Mairo, matar Ɗahiru, yarinya ƙarama lulluɓe da mayafi, da yaro a goye. Delu tana kallon tafiyar yarinyar ta gane zancen. Mairo ta samu wani ciki tana goyo, ga shi yaron bai kai lokacin yaye ba, ana kuma tsoron nonon ciki ya lalata shi. Abin kunya ne da ake so a rufe da wuri.

Delu ta shimfiɗa musu tabarma, ta dubi Mairo ta ce, "Ɗiyata, mi as sunanai?"

Mairo ta sunkuyar da kai. Uwani ce ta amsa. "Ke ko Delu, ɗan hwari na. Kuma sunan maigidana marigayi anka sa mashi, Abdulwahabu. Mu Arzika muka ce mashi. Ita ko Arzikan ba ta hwaɗi."

Nan Delu ta ga inda matsala take. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da faɗuwa ya yi. Balle wanda yake ɗauke da sunan surukinta. Duk da haka Delu ta faɗi ƙa'idarta, ba ta rage komai ba. Uwani ta saurara tana taɓe baki, sannan ta ce, "Gabana za ta duƙa ta kira sunan ɗan hwari? Mu da munka haihu goma ba mu yi haka ba, ga su nan sun girma." Sai kuma ta sassauta murya, ta dafa ƙirji ta ce ƙishirwa take ji, a taimake ta da ruwa.

Ba a hana baƙo ruwa. Delu ta tashi ta shiga wajen randa, ta ɗauraye moɗa, ta cika kwano. Ko da ta fito, tabarma ba kowa sai yaro da ɗan guntun fata ja da aka ɗauko daga shagon Malami aka danƙa masa. Babu Uwani, babu Mairo, babu zanen goyo. Ta dire kwanon. Ta leƙa lungu, wayam. Da ta juyo, yaron ya riga ya ɗaga kai yana dube-dube, bakinsa ya fara rawa.

Ya yi kuka ranar har muryarsa ta tafi. Wannan bai dami Delu ba, ta san kuka, ta fi kowa sanin irinsa. Akwai na fushi, akwai na yunwa, akwai na gajiya wanda barci yake biyo bayansa. Ta goya shi ta yi ta zagaya tsakar gida tana jijjiga shi. Ta ba shi kunun tsamiya ya ture, ta dama fura da nono ya kau da kai. Ta ce ba komai, gobe yunwa za ta yi masa magana.

Gari ya waye, yaro ya daina kuka. Malami ya ce alhamdu lillahi, ya haƙura da wuri. Delu kuwa ta san wannan ba haƙuri ba ne. Ta sauke yaron ta shiga madafa, da ta fito ba ta gan shi a tsakar gida ba. Ta same shi a bakin ƙofar zaure ta ciki, ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya ƙura wa lungu ido. Daidai wurin da take zama. Ba wanda ya nuna masa, wurin ne kawai ake hango mai shigowa. Ta tsaya a kansa, ta kasa ɗaukar sa.

Yinin nan cur bai ci komai ba. In ta kai masa ludayi sai ya datse haƙora, ba fushi, ba kuka, idonsa yana kan hanya. Malami ya karɓo rubutu wajen malamin unguwa, aka ɗura masa, ya dawo da shi. Ruwa ma sai ta jiƙa tsumma ta matsa masa a leɓe. Maƙwabta suka shigo, kowa da nasa bayani. Wata ta ce iska ce, wata ta ce a bincika ko akwai maye a lungun, wata ta ce ai dama nonon ciki ya riga ya gama da shi. Delu ta kore su duka. Ta san abin da yake damun yaron, kuma sanin ne ya fi tayar mata da hankali. Jira yake yi, kuma ba a gaya masa har yaushe ba.

Ta aika gidan Uwani cewa yaro ba ya ci, a turo uwarsa ko zanenta. Amsa ta dawo a taƙaice: a bar shi, in ya ji wuya zai ci, kuma kada a kuskura ya ga uwarsa sai ya manta da nono, haka aka gada.

Ranar Asabar, ranar da aka ce ƙasa ta zama tamu, Delu ta duba yaron da hantsi ta ga idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsattsage, wuyansa ba ya riƙe kansa sosai. Ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta daɗe ba ta koma ba. Ta taɓa ganin haka a gidajen da aka fitar da ƙaramar gawa a tabarma. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗaura shi a baya, ta zuba kunu a ƙaramar ƙwarya ta rufe da faifai, ta ja mayafi.

Malami ya taso daga kan jima da ɗinkinsa ya ce, "Ina za ki da ɗan mutane cikin wanga taro?"

Ta ce, "Maigida, in za shi mutuwa, ba nan ba. Shi mutu shina kallon uwatai."

Hanyar da ba ta da nisa ta zame mata doguwa. Ko'ina mutane ne, kalangu ta nan, ganga ta can, 'yan makaranta suna wucewa a jere da 'yan tutoci kore da fari suna waƙa. Kowa fuskarsa a sake, ita kaɗai take tafiya da mutuwa a zuciya. Yaron da ya kamata ya firgita da wannan hayaniya ko motsi bai yi ba. Kansa yana lilo a tsakanin kafaɗunta, jikinsa ba nauyi. Saboda ƙarar kiɗa ba ta jin numfashinsa, don haka in ta yi 'yar tafiya sai ta raɓe jikin katanga, ta riƙe nata numfashin, ta saurari ƙirjinsa a bayanta. In ta ji ɗan motsi sai ta ci gaba. A kusa da Hubbare ta tsaya ba ta ji komai ba. Duniya ta juya mata. Ta kai hannu baya ta mintsini ƙafarsa da ƙarfi, sai da ta ji ya ɗan janye ta sannan ta ce la'ilaha illallahu, ta ƙara sauri.

Ta shiga gidan Uwani sallama a baki, ba ta jira amsa ba. Maza duk sun tafi kallo, mata ne cike da tsakar gida ana girkin biki. Mairo tana bakin turmi tana daka. Kallo ɗaya Delu ta yi mata ta gane ita ma ba ta ci ba tun ranar. Ta ɗaure ƙirjinta tamau da tsumma, nono ya jiƙa shi, idanunta sun kumbura, tana ta luguden hatsin da ya riga ya zama gari don kada a ga fuskarta.

Uwani ta miƙe. "Delu! Don mi kinka yi haka? Kin ɓata yaye!"

Delu ba ta kula ta ba. Ta kwance goyo ta zaunar da yaron a ƙasa, gaban turmi, ta tallafe bayansa. Taɓarya ta tsaya a hannun Mairo. Ta dube shi sau ɗaya, sai kuma ta tuna idanun da suke kanta, ta juya fuska wajen bango yadda aka koya mata. Yaron ya ɗaga ido ya ga uwarsa. Delu ta zaci zai yi kuka, ko ya miƙa hannu. Bai yi ba. Ya dube ta, ya dubi bayan da ta ba shi, sai shi ma ya juyar da kansa gefe ya lumshe ido. Duk abin da Delu ta gani a kwanakin nan bai ba ta tsoro kamar wannan ba.

Ta ce, "Mairo, kira shi."

Mata suka daina abin da suke yi.

"Kira shi da sunanai, ɗiyata. Ya hidda rai da ke. In yaro ya hidda rai, ba kunu, ba rubutu."

Uwani ta ce, "Gidan ga ba a yin rashin kunya."

Delu ta juyo gare ta, kuma abin da ta riƙe a ciki tun tana yarinya ya fito ba tare da ta shirya ba. Ta ce, "Inna Uwani, ni anka yi ma dabara irin taki. Uwata tac ce in zauna ta sawo mani ƙosai. Ga hurhura ta cika mani kai, har yau ban tashi daga bakin ƙohwar nan ba. Ni Allah ya sa nac ci abinci. Wanga ba shi ci. Ki zaɓa, kunya ko jikanki." Muryarta ta karye a ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa ji.

Uwani ta dubi yaron da kyau a karo na farko, ta ga wuyansa, ta ga idanunsa. Ba ta ce an yarda ba, irinta ba sa faɗin haka. Ta dai juya ta shige ɗakinta ta saki asabari.

Mairo ta jingine taɓarya. Ta durƙusa a gaban ɗanta, bakinta yana motsi sauti ba ya fita, domin suna ne da ba ta taɓa furtawa ba. Da ƙyar ya fito, ƙasa-ƙasa. "Abdulwahabu." Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Yaron bai motsa ba. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, hawaye na zuba, "Abdulwahabu, ni ta. Inna ta."

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon ta, sannan fuskarsa ta yamutse, wata 'yar murya busasshiya ta fito, ya kai mata duka a ƙirji da ɗan hannunsa. Kuka ne, na fushi. Delu ta zauna daɓas a ƙasa. Ta tura wa Mairo ƙwaryar kunu. Ya ture ludayin farko, ya ture na biyu, na uku ya buɗe baki.

Matan gida suka ɗauka zance ya ƙare, yaro ya dawo gida. Delu ta ce a'a, yaye yana nan, nonon nan ba nasa ba ne yanzu. Ta bari ya ƙoshi ya yi barci a cinyar uwarsa har rana ta yi sanyi. Da ya farka ta ce wa Mairo to, yanzu a yi yadda ya kamata. Mairo ta shiga ɗaki ta ɗauko zanen goyo, ta naɗa masa a jiki, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta ce, "Ka tahi da Inna Delu. Ina zakkuwa ran Jumma'a. Ka ji? Ran Jumma'a." Tun daga bayan Hubbare har Ƙofar Marke yaron nan yana tsala ihu yana dukan bayan Delu, mutane suna waiwaye, ita kuwa ba kiɗan da ta ji a ranar da ya kai wannan daɗi.

Ya ci abinci a kwanakin da suka biyo. Yana jan zanen duk inda za shi, in zai yi barci ya cusa hanci a ciki. Kowace safiya Delu takan ce masa ba yau ba ne, ran Juma'a. Amma tsoro bai sake ta ba, ya canja wuri ne kawai. Mairo ba ita take da ikon ƙafarta ba. In Uwani ta huce ta tuna an ci mata fuska a gaban mata, ta ce ba inda za a je, shi ke nan. Kuma Delu ta san yaron da aka yi wa ƙarya sau biyu ba ya ƙara buɗe baki.

Ranar Juma'a, tun da aka sauko daga masallaci yaron ya ja zanensa ya tafi bakin ƙofar zaure. Delu ta ɗauki mazari ta zauna kusa da shi, amma ko zare ɗaya ba ta ja ba. Aka yi la'asar. Duk takun da ya doso lungu sai su ɗaga kai tare, ya wuce su sauke. Mai tallan goro ta wuce, masu ɗebo ruwa suka wuce. Inuwar katanga ta rufe lungun, rana ta yi ja. Delu ta ji zuciyarta tana bugawa irin bugun da ta yi mata a wannan wuri tana ƙarama. Ta fara shirya abin da za ta gaya wa yaron, ta rasa.

Ladan ya ɗaga murya da kiran magariba ke nan aka yi sallama. Yaron ya riga ta ganewa, ya miƙe da gudu zane na harɗe masa ƙafa, Mairo ta durƙusa ta cafe shi. A bayanta Uwani ce, fuska a ɗaure kamar kullum, da akushi a hannu. Ba ta yi dogon gaisuwa ba. Ta ajiye akushin a gaban Delu, ta ɗage faifai, ta kau da kai ta ce, "Ga shi. Da zahinai. An daɗe, ki yi haƙuri."

Ƙosai ne. Delu ta daɗe tana kallon sa, tururi yana tashi. Sannan ta ɗauki akushin, ta miƙe daga bakin ƙofar, ta shiga cikin gida ta zauna a tabarma, ta yi bismilla.